Wutar aro da kuɗin fansarta

A farkon watan Agustan 2023, kwanaki kaɗan bayan sojoji sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum na Nijar, Najeriya ta katse layin wutar da ke tasowa daga Birnin Kebbi ya ratsa Dosso ya shiga Yamai. Hukuncin ECOWAS ne, wanda aka yanke a taron Abuja na 30 ga Yuli. Ba a tura soja ko ɗaya ba, ba a harba harsashi ba. An dai kashe makunni a wata tasha, sai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke sayarwa ya yi ɓatan dabo. Wutar ba ta dawo ba sai a Maris na 2024, bayan an ɗage takunkumi, kuma ko da ta dawo ba ta koma yadda take ba. A 2025 ministar makamashi Haoua Amadou ta bayyana cewa megawat 46 ake samu a maimakon 80 da aka saba.

Tun daga lokacin da wuya a yi jawabin hukuma kan lantarki a Yamai ba a ambaci 'yancin makamashi ba. Ga rana, ga kwal, ga mai, ga yuraniyom, ga kogi, to me ya kai ƙasa mai wannan arziki roƙon wuta a gidan maƙwabci? Tambayar tana da daɗin ji, kuma wanda ya kwana cikin zafin Afrilu babu fanka ba sai an lallashe shi zai yarda da ita ba. Abin da ba a cika yi ba shi ne a zauna da alƙalami a kan kowace hanya da aka ce ita ce mafita, a tambayi nawa take ci, wa zai biya, da wane kuɗi, kuma daga wace ƙasa kayanta za su fito. Wanda ya yi wannan lissafin zai tarar yawancin hanyoyin ba sa raba Nijar da dogaro da waje. Sunan wanda ake dogaro da shi kawai suke sauyawa, wasunsu ma ƙara yawan masu riƙe da makunnin suke yi.

Bari a fara da abin da masu jawabi ba sa son faɗa: sayen wuta daga Najeriya ba wauta ba ce. Lokacin da aka ja layin Birnin Kebbi zuwa Yamai a 1976, madatsar Kainji ba ta cika shekara goma da fara aiki ba, tana samar da ɗaruruwan megawat, alhali bukatar Yamai gaba ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Wutar ruwa ce, kuɗin ginin madatsar yana wuyan wasu, abin da ya rage wa Nijar shi ne ta ja waya ta biya abin da ta sha. A ɗaya gefen kuwa injina ne masu ƙona gazuwal da ake ɗaukowa a tanka daga bakin teku, tafiyar kilomita dubu ko fiye. Kowane mai hankali da ya riƙe baitulmali a wancan zamanin waya zai zaɓa. Daga baya aka ja layi na biyu daga Katsina zuwa Gazawa, ya rabu ya nufi Maraɗi da Damagaram. Difa ta samu nata ta Damasak, Gaya ta Kamba.

Nan ne aka ci bashin farko ba a sani ba. Wanda ya duba taswirar layukan Nijar zai ga ba su haɗu da juna ba: yankin kogi daban, yankin Maraɗi da Damagaram da Tawa daban, Agadas daban, Difa daban. Ban da Agadas mai cin kwal ɗin Anu Araren, kowane yanki igiyarsa kudu ta miƙa ta tsallaka iyaka. Ma'ana, ko an gina babbar tasha a bakin Yamai, mai injin niƙa a Tasawa ba zai ga tasirinta ba sai an ja masa ɗaruruwan kilomita na sabon layi a kan turakun ƙarfe, a ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,267,000. Wannan kuɗin ba ya fitowa a ranar aza harsashin tasha, domin turke ba ya jan taro.

Bashi na biyu shi ne arahar ta kashe gaggawa. Duk aikin da aka kawo na gina tasha a cikin gida, in aka auna shi da farashin Kainji sai ya zama mai tsada, sai a ɗage shi zuwa baɗi. Ita ma Najeriya tana da nata lissafin: muddin Nijar na samun wuta mai sauƙi, ba za ta yi saurin tare kogin daga sama ba, ruwan madatsun Kainji da Jebba ya ragu. Jami'an Najeriya sun sha faɗin haka a fili duk lokacin da 'yan ƙasa suka yi gunagunin ana ba maƙwabta wuta su suna duhu. Da katsewar 2023 Abuja ta zubar da wannan hujjar da hannunta, ta kuma nuna wa Benin da Togo, waɗanda su ma ke saya daga gare ta, cewa yarjejeniyar ciniki na iya zama sandar duka. Wannan asara ce da ba a shigar da ita littafin kowa ba.

Ko da babu siyasa, famfon yana ƙara tsukewa. Tun 2013 aka ga alama, lokacin da guguwa ta kayar da turakun layin Birnin Kebbi, Yamai ta yi makonni tana rabon wuta unguwa-unguwa. Najeriya kanta, mai mutane sama da miliyan 200, abin da ke yawo a babban layinta bai cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, kuma layin yana durƙushewa sau da dama a shekara. A watan Mayun 2024 hukumar kula da lantarki ta Najeriya ta ƙayyade cewa abin da za a tura ƙasashen waje kada ya wuce kashi 6 cikin 100 na abin da ake samarwa. A Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin arewa suka shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar layukan da ke kawo musu wuta, kuma wutar Maraɗi ta Katsina take bi. Don haka masu cewa a rage dogaro da wannan wayar suna da gaskiya. Gardamata da su tana kan farashin da suke ɓoyewa.

Abin da ya hana Yamai faɗawa cikin duhu ɗungurungum a 2023 injinan mai ne: tashar Gorou Banda mai megawat 80 da Shugaba Mahamadou Issoufou ya buɗe a 2017, da ta Goudel mai megawat 89 da kamfanin Istithmar ya gina aka buɗe a 2021. Sun yi rana, ba a musu. Ana kuma iya cewa ai man na gida ne, tunda tun 2011 matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram take tace ganga 20,000 a kullum daga rijiyoyin Agadem. Sai dai kashi 60 na matatar na kamfanin CNPC na Sin ne, injinan tashoshin da kayan gyaransu daga waje suke zuwa, kuma kowace lita da aka ƙona don kunna fitila lita ce da ba a sayar aka sa kuɗinta a baitulmali ba. Ɗanyen man da ke bin bututun nan mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin shi ma an riga an ci bashi a kansa: a Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC, a biya cikin shekara guda da ruwan kashi 7.

Watan Maris na 2025 ya tona wani asirin. Gidajen mai suka bushe a Yamai da sauran garuruwa, motoci da babura suka yi dogayen layuka, a ƙasar da ke fitar da ɗanyen mai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san kasuwar kan iyaka. Shekaru da dama wani babban kaso na man da ake sha a Maraɗi da Damagaram da Ƙonni ba daga SORAZ yake fitowa ba, 'yan ruwa-ruwa ne ke shigo da shi daga Najeriya a jarkoki, mai rahusa saboda tallafin gwamnatin Abuja. Da Shugaba Bola Tinubu na Najeriya ya cire tallafin a 29 ga Mayun 2023, ribar ta gudu, jarkokin suka ragu, duk jama'a suka juyo kan matatar da ba a gina ta don ɗaukar wannan nauyin ba. A Yulin 2024 kuma gwamnatin Yamai ta rage farashin lita zuwa sefa 499 na fetur da 618 na gazuwal, abin da ya ƙara bukata. Jaridun Najeriya sun ba da labarin tankoki 300 da aka amince a tura don a kashe gobarar. Wato akwai dogaro na biyu da babu shi a ƙididdigar hukuma, wanda talakan Najeriya ya yi shekaru yana biyan kuɗinsa bai sani ba.

A sauko da lissafin zuwa shagon mai walda. Gurup mai shan gazuwal, in yana da lafiya, lita ɗaya tana ba shi kilowat-awa uku zuwa huɗu. A kan sefa 618, kowane kilowat-awa ya tashi masa sefa 150 zuwa 200, kuɗin mai kawai, ba a sa baƙin mai da gyara da kuɗin sayen injin ba. A tsarin farashin da aka kafa a 2018, yawancin ƙananan gidaje ƙasa da sefa 100 suke biyan NIGELEC. Ƙaramin inji mai shan fetur ya fi haka ci nesa ba kusa ba. Wannan bambancin haraji ne, duk da ba majalisar da ta zartar da shi, kuma daga mai walda yake wucewa zuwa kan mai sayen ƙofa, daga mai firiza zuwa kan mai azumin da ke neman ƙanƙara da la'asar.

Sai madatsar Kandaji, wadda duk ɗan Nijar da ya kai shekara hamsin ya tashi yana jin sunanta. Tun shekarun 1970 ake maganar tare kogin a can, kimanin kilomita 180 arewa maso yammacin Yamai. Shugaba Mamadou Tandja ya aza harsashi a Agustan 2008. Aka ba kamfanin Zarubezhvodstroy na Rasha kwangila, aka soke a 2013 saboda aikin ya ƙi gaba. A Maris na 2019 Issoufou ya sake ƙaddamar da shi da kamfanin Gezhouba na Sin, aka ce zai ci kimanin sefa biliyan 740, yawanci rance da tallafi daga Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci da wasu. A Agustan 2023, da masu ba da kuɗin suka rufe aljihu saboda juyin mulki, Gezhouba ya dakatar da aiki. Takunkumin da ya katse wayar shi ne dai ya tsayar da madatsar da aka ce za ta maye gurbin wayar. An gudu ba a tsira ba.

A ƙaddara an gama ta gobe. Megawat 130 da ake ambata ƙarfin injinan ne in ruwa ya cika. Abin da aka ƙiyasta za ta bayar a shekara, in aka raba shi daidai a kan sa'o'i, kimanin megawat 70 ne, bai ma kai abin da layin Birnin Kebbi ke kawowa kafin 2023 ba. Kuma kogi ba ya raba ruwansa daidai. Yana cika da damina, ya sake cika da ruwan Gini a tsakiyar hunturu, sannan ya yi ta ja da baya har zuwa Mayu da Yuni, daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40 kowa na neman fanka. A Yunin 1985 kogin ya tsaya cik a Yamai. Babban dalilin gina madatsar ma shi ne kada hakan ta sake faruwa, a riƙe ruwan sha da na noman rani na hekta 45,000. Lantarki na biye ne. Duk ranar da aka rasa yadda za a yi tsakanin ruwan shinkafa da ruwan inji, wani zai haƙura. A ƙara da dubun-dubatar mutanen da za a tasa daga gonaki da gidajen kakanninsu, har da wani ɓangare na garin Ayoru, waɗanda sai an biya su diyya an gina musu sabbin garuruwa kafin a cika tafkin. A ƙara da tsaro, domin wurin yana jihar Tilaberi, kusa da iyakar Mali, yankin da aka kashe sojoji 71 a Inates a Disamban 2019. Ni ina cikin masu ganin ya kamata a ƙarasa Kandaji, don ruwan da noman kaɗai sun isa hujja, kuma abin da aka riga aka zuba ya yi yawa a bar shi ga tsatsa. Amma wanda ya ce ita ce za ta kawo ƙarshen ɗauke wuta bai buga lissafin ba.

Rana ce ta fi kowace hanya farin jini, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fagen. Tun 1965 aka kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL, kuma Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorantarsa, yana ƙera tukwanen dumama ruwa da murhunan rana tun duniya ba ta ɗauki abin da muhimmanci ba. Kusan shekara 60 bayan haka, manyan tashoshin sola da aka fi sani a ƙasar biyu ne: ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018 da rancen Indiya, da ta Gorou Banda mai megawat 30. Ba ƙarancin rana ne ya jawo wannan tafiyar hawainiya ba, kuma ba ƙarancin masana ba.

Labarin ta Gorou Banda ya isa darasi. Alluna sama da 55,000, kuɗi kimanin sefa biliyan 20, mafi yawansu daga hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Tarayyar Turai. Bazoum da Josep Borrell na Tarayyar Turai suka yi bikin buɗe ta a 5 ga Yulin 2023, mako uku cif kafin juyin mulki. Ƙwararrun waje suka tattara suka tafi ba a ƙarasa haɗa ta ba, sai a Nuwamba ta fara ba da wuta, bayan ma'aikatan da suka rage sun ƙarasa aikin. Ta rage raɗaɗi sosai, musamman da rana tsaka. Sai dai masu kuɗin da suka gina ta su ne waɗanda aka raba gari da su, kuma ta biyu da ta uku sai an samo wani mai aljihun.

Ga lissafin da ba a karantawa a rediyo. An tsara tashar ta ba da kimanin gigawat-awa 53 a shekara. In aka baje wannan a kan dare da rana, daidai yake da megawat 6 da ba ya yankewa. Layin da ke kawo megawat 80 ba dare ba rana kuwa yana kawo kusan gigawat-awa 700. Kenan sai an gina irin Gorou Banda goma sha uku kafin a cike gurbinsa, kuma a farashin waccan wannan ya kai sefa biliyan 260. Gaskiya ne farashin alluna ya faɗi ƙwarai a 'yan shekarun nan, don haka a rage adadin yadda ake so. Abin da ba ya raguwa shi ne duk wutar nan tsakanin hantsi da la'asar take zuwa. Da magariba, lokacin da aka kunna fitilu da talabijin da fankoki, kuma zafin da bango ya sha tun safe ya fara fitowa, tashar ta tashi aiki. Dole a ajiye wutar rana a batura, ko a tada injinan mai. Batura masu ɗaukar dare guda na babban birni kuɗinsu na iya kamo na allunan ko ya wuce, kuma suna da wa'adi, sai an sake su tun allunan ba su tsufa ba.

Akwai kuma ƙananan ɓarayin da ke cin riba a ɓoye. Allon sola haske yake so, ba zafi ba. Duk digirin da ya hau sama da 25 a jikinsa yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfi, kuma a Afrilun Yamai jikin allo yana wuce digiri 60. Ƙurar hunturu tana lulluɓe shi, sai an wanke, da ruwa mai tsabta, a ƙasar da ruwan ma abin lissafi ne. Sannan allon da inbata da batir duk daga Sin ake sayo su da dala. Da can ta tashar Kwatano suke sauka su haye gadar Gaya. Tun da Yamai ta bar iyakarta da Benin a rufe, sai kaya su sauka a Lome, su ratsa Burkina Faso, su jira rakiyar soja kafin su shigo ta Tera. Kowane kwanan da tirela ta yi a hanya yana cikin farashin da mai saye zai biya a kasuwa. Ranar dai ta Nijar ce, duk abin da ke mayar da ita wuta na wasu ne.

Manyan alkawura kuwa ba a rasa su ba. Bankin Raya Afirka yana da shirin samar da megawat 10,000 na sola a ƙasashen Sahel 11. Kamfanin Savannah Energy na Ingila ya sa hannu a 2022 kan tashar iska mai ƙarfin da zai iya kai megawat 250 a Tarka ta jihar Tawa. Irin waɗannan masu zuba jari tambayarsu ɗaya ce kafin su sauke ko ƙusa: wa zai sayi wutar shekara 20 ko 25, kuma in ya kasa biya wa ya tsaya masa? Mai sayen NIGELEC ne, mai tsaya masa gwamnati ce, kuma duk lokacin da aka soke lasisi ko aka kori shugabannin wani kamfani, ko da an yi da hujja, ruwan da mai ba da rance na gaba zai nema hawa yake yi. A tashar sola kusan duk kuɗin tun farko ake zuba su, babu kuɗin mai daga baya, saboda haka farashin wutarta kusan farashin rance ne. Ƙasa biyu masu rana iri ɗaya, wadda ke cin bashi da tsada wutarta ta fi tsada.

Inda sola ta yi nasara ta gaskiya ba a jira gwamnati ba. Tun 2023 rufin gidaje da shaguna a Yamai da Maraɗi suka cika da alluna, masu lambu suka koma famfon rana suka huta da sayen mai, asibitocin karkara suka samu firijin ajiye allurar rigakafi. Wannan ci gaba ne, kuma a ganina nan ne kowace sefa ta fi yin aiki: a ƙauyen da layi ba zai kai ba nan da shekara 20, da kuma tsakar rana a birni inda kowane kilowat-awa na rana ke hutar da injin mai. Sai dai shi ma yana da wutsiya. Waɗanda ke iya sayen alluna da batura masu kyau su ne manyan masu shan wuta, 'yan kasuwa da ma'aikata masu albashi, waɗanda kuɗinsu ke tallafe farashin talaka a tsarin NIGELEC. In suka rage saye da rana suka dawo kan layi da dare kawai, kamfanin ya rasa mafi tsoka a cinikinsa, alhali dole ya riƙe musu injina da taransifoma don sa'o'in da suka fi tsada. Marasa ƙarfi kuma su faɗa hannun masu sayar da allunan da lambar da ke jikinsu ta fi ƙarfinsu, da baturan dalma da ba sa kai shekara biyu, waɗanda a ƙarshe yara ke fasa su a bola.

Kwal ba ya bukatar dogon bayani. Kamfanin SONICHAR yana ƙona na Anu Araren tun 1981 don ma'adinan Arlit da garin Agadas, ƙaramar tasha ce da ba ta kai megawat 40 ba. Na Salkadamna a jihar Tawa an aza masa harsashi a 2014 da alkawarin megawat 600, ba a ga hayaƙi ba. Bankin Duniya ya kusan daina ba da kuɗin tashoshin kwal tun 2013, kuma a Satumban 2021 Shugaba Xi Jinping ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Sin ba za ta ƙara gina su a ƙasashen waje ba. Ana iya ganin rashin adalci a nan, ni ma ina gani, tunda waɗanda suka yi arziki da kwal su ne ke hana wanda hayaƙinsa bai kai ya kawo ba. Amma ganin rashin adalci ba ya biyan ɗan kwangila.

Nukiliya kuwa ita ce ta fi daɗin faɗa, saboda haushin shekaru hamsin na yuraniyom ɗin Arlit yana haska Faransa garuruwan da ke kusa da ramin suna duhu. An ƙwace lasisin ma'adinin Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa a 2024, an mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na SOMAÏR hannun gwamnati a 2025, a Yulin 2025 kuma aka sa hannu kan takardar fahimtar juna da Rosatom na Rasha. To amma garin yuraniyom da ke fitowa daga Arlit ba ya shiga tukunya haka nan. Sai an sarrafa shi, an inganta shi, an ƙera shi sanduna, kuma ƙasashen da ke wannan aikin ba su da yawa, babu ko ɗaya a yankinmu. Masar, da ke gina tukwane huɗu a Dabaa da Rosatom, aikin zai ci kimanin dala biliyan 30, biliyan 25 daga ciki rancen Rasha ne. Jimillar ta fi duk abin da tattalin arzikin Nijar ke samarwa a shekara. Ko an samu kuɗin, tukunya ɗaya mai megawat 1,000 ta ninka duk bukatar ƙasar, wadda ba ta wuce 'yan ɗaruruwan megawat ba. Ɗora ta a kan layukan da ba su ma haɗu da juna ba kamar ɗora wa jaki kayan tirela ne. Injiniyoyi kan ce kada inji ɗaya ya wuce kusan kashi 10 na ƙarfin layin ƙasa, domin ranar da ya tsaya kada komai ya tsaya tare da shi.

Ana cikin wannan duka, babban aikin da ya fi kusa da ƙasa shi ne wata wayar, wadda ta fi ta da kauri, daga Birnin Kebbin dai. Layin nan ne mai kilobolt 330 da aka ƙaddamar a Yamai a Fabrairun 2022, mai tsawon kusan kilomita 900, da zai haɗa Najeriya da Nijar da Benin da Burkina Faso a ƙarƙashin kasuwar lantarki ta Afirka ta Yamma. Kasuwar nan reshen ECOWAS ce, ƙungiyar da Nijar ta kammala fita daga cikinta a Janairun 2025. Ban ga laifin layin ba. Ƙasa mai rana da yawa da dare mai tsawo ita ta fi kowa bukatar maƙwabcin da za ta sayar wa da rana ta saya daga gare shi da dare. Abin da ya kamata a yi ciniki a kansa shi ne sharuɗɗan: tarar da mai katsewa zai biya, wurin da za a kai ƙara, da isassun injina a gida da za su riƙe asibitoci da famfunan ruwa in aka sake juya makunni. Wannan inshora ce, tana da tsada, amma an san iyakar tsadarta.

Duk wannan gardamar kuma a kan kusan kashi 20 cikin 100 na 'yan ƙasa ake yinta, su ne masu lantarki. An sa burin kaiwa kashi 80 a 2035, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 317.5 a ƙarshen 2021 don shirin Haske, aka dakatar da sakin kuɗi bayan juyin mulki, aka dawo a 2024. Sauran jama'a makamashinsu itace ne da kara, kuma kuɗinsa a jikin dazuzzukan da ake sarewa don Yamai da huhun matan da ke tsugune gaban murhu ake biyansa. Kowane sabon gida da aka ja wa waya ƙarin bukata ne a kan wutar da ba ta isa ba, kuma galibi gida ne mai shan kaɗan a farashi mafi ƙasa, wanda kuɗin kai masa wutar ya fi abin da zai biya.

Nan ne lissafin ke cijewa. An gina farashin wutar Nijar a kan cewa kaso mafi girma zai zo da araha daga Kainji da Jebba. Duk kilowat-awa da aka maye gurbinsa da na mai, ko na sola mai batir, ko na madatsar da aka gina da rance, ya fi shi tsada, aƙalla na shekaru masu yawa. Giɓin hanya uku kawai yake da ita. Ko hukumar kula da fannin makamashi, ARSE, ta ƙara farashi, abin da gwamnatin da ta yi suna da rage kuɗin mai ba za ta so ba. Ko baitulmali ya cike, a lokacin da tsaro ke cinye kaso mai yawa na kasafi kuma man Agadem yana biyan bashi. Ko kuma NIGELEC ya rage sa'o'in da yake kunna injina, ya jinkirta gyara, ya tara bashin masu kawo masa mai. Ta ukun ba ta bukatar sa hannun minista ko sanarwa a rediyo, ita ke faruwa da kanta in aka ƙi zaɓar ɗaya daga biyun farko, kuma masu biyanta su ne tela da mai walda da mai injin niƙa da ba su da kuɗin sayen batir.